Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinonin Lafiya Na Jihohin Arewa: A Nemo Ciwon Ƙoda Tun Kafin Ya Kwantar Da Mutum

Masu girma Kwamishinoni, da Shugabannin Hukumomin Kula da Lafiya Matakin Farko,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na zaɓi in rubuto muku a bainar jama'a ne saboda maganar da ke tafe da ni ta shafi gidaje masu ɗimbin yawa a Arewa, gyaranta kuma yana hannunku fiye da hannun kowa. Maganar ita ce ciwon ƙoda mai daɗewa, wanda yake cin mutum shekara da shekaru ba tare da ya sani ba, da kuma yadda asibitocinmu ba sa haɗuwa da mai wannan ciwo sai ranar da aka kawo shi ranga-ranga, ƙafafu a kumbure, numfashi sama-sama, likita ya duba ya ce sai wankin ƙoda. Roƙona guda ɗaya ne, zan kuma faɗe shi tun daga farko don kada ya ɓace cikin bayani. Ku mai da gwajin fitsari da gwajin jini na ƙoda su zama ƙa'ida, sau ɗaya a shekara, ga duk mai hawan jini da mai ciwon sukari da sauran waɗanda ke cikin haɗari, a riƙa yin su a ƙananan asibitocin unguwanni da ƙauyuka, a rubuta sakamakon, a kuma bi sawun duk wanda aka ga alama a tare da shi.

Ba zan yi butulci ga abin da aka riga aka yi ba. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya yi dashen ƙoda a shekarar 2002, ya zama ɗaya daga cikin asibitocin gwamnati na farko da suka yi wannan aiki a Najeriya, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri kuma ya biyo baya a 2010. Jihar Yobe ta ɗauke wa jama'arta kuɗin wankin ƙoda, wasu jihohin sun sayi injina sun buɗe cibiyoyi, a shekarar 2025 kuma Gwamnatin Tarayya ta sanar da sauke farashin wanki ɗaya daga kimanin naira 50,000 zuwa naira 12,000 a wasu asibitocinta. Duk wanda ya taɓa zaman jinyar mai ciwon ƙoda ya san girman wannan sauƙi, kuma ina addu'ar Allah Ya ɗorar da shi.

Amma ina roƙonku mu yi lissafin tare. Wanda ƙodarsa ta daina aiki yana buƙatar wanki sau uku a mako, kowanne na kimanin awa huɗu, har ƙarshen rayuwarsa ko har ya samu dashe. Ko a farashi mai rangwame, wannan ya kama naira 144,000 a mako huɗu, wato fiye da ninki biyu na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, ban da allurar ƙarin jini da magunguna, ban da kuɗin mota da masauki ga wanda ya taso daga Machina ko Birniwa. Wani nazari da mujallar Lancet Global Health ta buga a 2017, wanda ya tattara rahotanni daga ƙasashen Afirka kudu da Sahara, ya nuna cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na manyan da suka fara wankin ƙoda sun daina. Kun san abin da dainawa take nufi ga irin wannan majinyaci. A sayar da gona, a sayar da shanu, a jinginar da gida, a yi ta neman taimako a masallatai da Facebook, bayan 'yan watanni kuma a yi zaman makoki. Babu jihar da za ta iya sayen injinan da za su wadatar da mutanen da ke kan hanyar zuwa wannan mataki, saboda haka dole a tare su tun suna nesa da shi.

Abin da ya sa ciwon ƙoda ya bambanta da yawancin cututtukan da malaman asibitinmu suka saba gani shi ne shirunsa. Kowace ƙoda tana ɗauke da ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya, su biyun kuma suna tace ruwan jini kimanin lita 180 a kowace rana, su mayar da kusan dukkansa cikin jiki, su fitar da lita ɗaya zuwa biyu a matsayin fitsari. Allah Ya hore wa wannan gaɓa juriya, ta yadda idan wasu matatan suka lalace sai ragowar su ɗauki nauyinsu, mutum yana nomansa, yana kasuwarsa, yana azuminsa, bai ji komai ba. Wannan juriyar ce take ɓoye ciwon. Mutum yana iya rasa fiye da rabin ƙarfin ƙodarsa bai ga alama ko ɗaya ba, matatan da suka mutu kuwa ba sa dawowa. Lokacin da kasala da ƙarancin jini da rashin son abinci da tashin zuciya da ƙaiƙayin jiki da kumburi suka bayyana, galibi an riga an yi nisa. Ko a lokacin ma ba kasafai ake kiran ciwon da sunansa ba. A kemis a ce maleriya da taifod ne, a gida a ce shawara ce ko sanyi, wani ya ce sammu aka yi masa, a ƙara ɓata wata uku ko shida ana ɗura wa ƙodar da ta gaji magungunan da ba ta iya fitarwa.

Wannan ne ya sa nake ganin faɗakarwar da muke ji a rediyo, wadda take lissafa alamomin ciwon ƙoda ta ce wanda ya gan su ya garzaya asibiti, ba ta wadatar ba. Faɗakarwa ce mai kyakkyawar niyya, amma wanda ya jira alama kafin ya je gwaji ya yi ihu bayan hari. Saƙon da ya kamata ma'aikatunku su riƙa yaɗawa shi ne cewa mai hawan jini da mai ciwon sukari su nemi a gwada ƙodarsu alhali suna jin kansu garau. Akwai kuma kurakurai biyu da suka zauna a zukatan jama'a, waɗanda ya kamata a warware su. Na farko, mutane sun ɗauka ciwon baya ko na kwiɓi shi ne alamar ciwon ƙoda, wanda bayansa ba ya ciwo kuwa ya tsira, alhali ciwon ƙoda mai daɗewa yawanci ba ya zuwa da zafi ko kaɗan, yawancin ciwon baya kuma daga ƙashi da jijiyoyi yake. Na biyu, mutum yakan biya kuɗi a ɗauki hoton cikinsa, a ce masa ƙodarsa lafiya lau, ya koma gida hankali kwance. Hoto yana nuna girman ƙoda da tsakuwa da toshewar hanya, amma ba ya auna aikinta, kuma a farkon ciwo ƙoda takan fito a hoto ba tare da wani aibi ba.

Abin da ke gano ciwon da wuri gwaji biyu ne, ba kuma masu tsada ba. Na farko shi ne neman furotin a fitsari. Matatar ƙoda mai lafiya kamar rariya ce mai ƙananan idanu, tana barin datti ya wuce, tana riƙe furotin ɗin da jiki ke buƙata. Idan hawan jini ko sukari ya fara yaga ta, furotin da ake kira albumin yakan fara zubewa cikin fitsari, sau da yawa shekaru kafin ƙarfin tacewa ya ragu. Wani lokaci mai ciwon yakan lura fitsarinsa yana kumfar da ba ta saurin kwanciya, amma ido ba abin dogaro ba ne a nan. Akwai ɗan siririn tsinken gwaji da ake tsomawa cikin fitsari, a jira kimanin minti ɗaya, a gwada launinsa da jadawalin da ke jikin kwalbar, kuma duk malamin asibitin da ya yi makarantar koyon aikin lafiya ya iya shi. Sai dai tsinken ba ya kama zubar da take 'yar kaɗan, shi ya sa ga masu ciwon sukari musamman aka fi son awon da ake yi a ɗakin gwaji, wanda ke auna albumin a kan kiriyatinin na fitsari, wani datti da ƙoda ke fitarwa, inda miligiram 30 ko fiye a kowane giram yake nuna akwai matsala. Ya kamata kowane babban asibitin ƙaramar hukuma ya iya yin wannan.

Na biyu shi ne auna kiriyatinin a jini, wato dattin da tsoka ke fitarwa wanda ƙoda ce ke da alhakin kawar da shi. A nan akwai wani gyara da ba zai ci muku ko kwabo ba, amma zai ceci mutane da yawa, don haka ina so ku dube shi da kyau. Ɗakunan gwaji da dama suna rubuta adadin kiriyatinin kawai, su sa iyakar da ake ɗauka lafiya a gefensa, malamin asibiti ya duba ya ga bai tsallake iyaka ba, ya ce wa majinyaci babu komai. Alhali adadin shi kaɗai yana ruɗarwa, domin ya danganta da shekarun mutum da jinsinsa da yawan tsokarsa. Ku ɗauki takardu biyu, kowace an rubuta 1.1 a kanta. Ɗaya ta saurayi ce mai shekara 25, idan aka yi lissafin ƙarfin tacewar ƙodarsa zai kama wajen 95, lafiya ƙalau. Ɗayar ta dattijuwa ce mai shekara 70, nata lissafin zai faɗo wajen 54, wato ta shiga mataki na uku cikin matakai biyar na ciwon idan abin ya ɗore. Wannan lissafi, wanda ake rubuta shi da eGFR a takardar gwaji, ba ya buƙatar wani sabon inji, waya ma tana yin sa cikin daƙiƙa kaɗan. Umarni ɗaya daga ofishinku ya isa ya wajabta wa kowane ɗakin gwaji, na gwamnati da mai zaman kansa, cewa kada takardar kiriyatinin ta fita ba tare da wannan lissafi da shekarun mai ita ba.

Ƙa'idar da likitocin ƙoda na duniya suka yarda da ita a sarari take. Ana cewa mutum yana da ciwon ƙoda mai daɗewa idan ƙarfin tacewa ya gaza 60, ko ana samun furotin a fitsari, ko wata alamar lalacewa, kuma hakan ya wuce wata uku. Daga 59 zuwa 30 mataki na uku ne, daga 29 zuwa 15 na huɗu, ƙasa da 15 kuma shi ne na biyar, inda ake fara maganar wanki. Sharaɗin wata ukun nan yana da muhimmanci ƙwarai, domin zazzaɓi da ciwon sanyin mafitsara da jinin al'ada da aikin ƙarfi duk suna iya sa furotin ya bayyana na ɗan lokaci, gudawa da amai kuma suna iya ɗaga kiriyatinin. Saboda haka gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci, sai an maimaita. A nan ne nake da ƙorafi game da gwajin kyauta na yini guda da akan shirya a bakin kasuwa ko harabar sakatariya. Ana gwada ɗaruruwan mutane, a ɗauki hotuna, a naɗe rumfa, wanda aka ga alama a fitsarinsa a ce masa ya je ya ga likita, shi ke nan babu mai sake jin labarinsa. Wani ya tafi da fargabar ciwon da ba shi da shi, wani kuma mai ciwon na gaske ya ninke takardar ya sa a aljihu. Gwajin da ba a rubuta sunan mutum da lambar wayarsa da ranar dawowarsa ba, amfaninsa kaɗan ne.

Ban ce a gwada kowa da kowa ba, domin na san aljihun jihohi ba zai ɗauka ba, kuma ba a buƙatar haka. A fara da waɗanda suka riga suka shigo hannunku. Kusan kashi ɗaya cikin uku na manya a Najeriya suna da hawan jini, kuma shi da ciwon sukari da kumburin matatan ƙoda su ne manyan dalilan da ke kai mutanenmu ga injin wanki. Mai ciwon sukari irin na manya a gwada shi tun ranar da aka gano ciwon, domin yakan daɗe a jiki kafin a sani. A haɗa da masu sikila, waɗanda ƙa'ida ta ce a fara duba fitsarinsu duk shekara tun suna shekara 10, da masu ɗauke da cutar HIV ko ciwon hanta nau'in B, da dattawan da fitsari ke yi musu wuyar fita, da duk wanda ƙodarsa ta taɓa tsayawa farat ɗaya sanadin kwalara ko zazzaɓi mai tsanani ko zubar jini ko saran maciji, ko da an ce ya warke. A haɗa da 'yan uwan jini na wanda ke kan wanki ko ya rasu da ciwon. Binciken da aka yi a Najeriya da Ghana, wanda aka buga a 2024, ya tabbatar da cewa wasu nau'o'in ƙwayar gado da ake kira APOL1, waɗanda suka yawaita a Yammacin Afirka, suna ƙara haɗarin ciwon ƙoda. Don haka idan majinyaci yana kwance a kan inji, ƙannensa da 'ya'yansa da ke zaune a baranda suna jiransa su ne mutanen farko da ya kamata a miƙa wa kwalbar fitsari.

Ku ba ni dama in kwatanta muku abin da na gani da idona a wani ƙaramin asibiti, wanda na tabbata ba shi kaɗai ba ne. Ranar masu hawan jini ce, dattawa maza da mata sun cika benci tun da hantsi. Malamin asibiti mutum ɗaya ne, yana ɗaura awo a dantse, yana rubuta lamba a kati, yana cewa Baba a rage gishiri, yana miƙa ƙwayoyin wata guda. Mutumin kirki ne, yana kuma iya ƙoƙarinsa. Na duba katin wata dattijuwa da ta shekara tana zuwa, layi bayan layi na awon jini, babu inda aka taɓa rubuta sakamakon fitsari, domin katin ma ba shi da gurbin rubuta shi. A ɗakin da ke jikin nasa kuwa, inda mata masu juna biyu ke zuwa awo, ga kwalbar tsinken gwajin nan a kan tebur, ungozoma tana amfani da ita kullum. Kayan aikin yana cikin ginin, wanda ya iya shi yana cikin ginin, mai buƙatarsa yana zaune a kan benci, abin da ya rage shi ne umarni daga sama da gurbi guda a kati. Ina kuma tunatar da ku cewa tsinken yana lalacewa idan aka bar kwalbar a buɗe cikin zafi da laima, ko wa'adinsa ya wuce, don haka masu zagayen duba asibitoci su riƙa dubawa.

Tun da na ambaci ɗakin awo, akwai mata da muke sakaci da su bayan mun riga mun gano su. Matar da jininta ya hau lokacin goyon ciki, aka ga furotin a fitsarinta, ko ta yi jijjiga wajen haihuwa, tana cikin haɗarin hawan jini da ciwon ƙoda a shekarun da ke gaba fiye da sauran mata. Amma da zarar ta sauka lafiya sai a sallame ta, ta koma gida ta shiga wankan jego da kunun kanwa, kanwa kuwa tana ɗaga jini kamar yadda gishiri ke yi. Tana dawowa asibiti domin rigakafin jariri a mako na shida, daidai lokacin da ta yi arba'in, a auna jaririn a yi masa allura, uwar kuwa babu mai ɗaura mata awo. Wannan dama ce da ke zuwa da ƙafarta, ya kamata a kama ta.

Yara ma suna da nasu rabon. Yaron da ya tashi da safe fuskarsa a kumbure, ko fitsarinsa ya koma kalar shayi bayan ciwon maƙogwaro ko ƙuraje irin na ƙazuwa, yana buƙatar gwajin fitsari a ranar. A yankunan noman rani da bakin madatsun ruwa, tsargiya ta zama ruwan dare har wasu iyaye ba sa ɗaukar fitsarin jini a matsayin ciwo, alhali idan ta daɗe tana iya toshe hanyar fitsari ta lalata ƙoda, maganinta kuma yana cikin waɗanda ake rabawa kyauta a makarantu. Ga Jihar Zamfara kuma akwai wani nauyi na daban. Gubar dalma da ta ɓulla a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum ta kashe yara fiye da 400, dubbai kuma aka yi musu magani suka rayu. Waɗannan yaran yanzu sun zama samari da 'yan mata, dalma kuwa sananniya ce wajen haddasa hawan jini da lalata ƙoda bayan shekaru. Sun cancanci a nemo su a riƙa duba su.

Ga masu girma Kwamishinonin Yobe da Jigawa da Borno, maganar ta fi tsanani. Shekaru da dama ke nan mutanen Gashuwa da Nguru da Jakusko da yankin Haɗeja suna kuka da yawan mutuwar ƙoda, har ya zama da wuya ka samu zuri'ar da abin bai taɓa ba. Na yaba da yadda Gwamnatin Yobe ta ɗauki nauyin bincike ta hannun cibiyar binciken kimiyyar lafiya da ke Jami'ar Jihar a Damaturu, inda ake duba ruwan sha da abinci da magungunan feshi da sauran abubuwan da ake zargi. Sai dai bincike yana ɗaukar lokaci, kuma gano masu ciwon ba ya buƙatar a jira sakamakonsa. Akwai darasi daga wasu ƙasashe da ya kamata a yi la'akari da shi. A tsakanin masu saran rake na Nikaraguwa da El Salbado, da manoman shinkafa na Siri Lanka, da yankin Uddanam na Indiya, an samu wani nau'in ciwon ƙoda da ke kama manoma majiya ƙarfi waɗanda ba su da sukari ba su da hawan jini, kuma sau da yawa fitsarinsu ba ya nuna furotin mai yawa. Ma'ana, a wurin da ake zargin irin wannan, tsinken fitsari shi kaɗai zai bar mutane da yawa su wuce. A waɗannan ƙananan hukumomi ya kamata gwajin jini ya zama na kowane baligi, musamman manoma da masunta da masu aikin ƙarfi a rana, ba tare da an tsaya tambayar ko yana da hawan jini ba.

Wataƙila wani daga cikinku ya ce, mene ne amfanin gano ciwon da ba ya warkewa? Amfaninsa babba ne, domin ciwon da ba a iya mayar da shi baya ana iya rage masa gudu, har mutum ya tsufa bai ga injin wanki ba. Magungunan hawan jini irin su lisinofiril da losatan suna rage zubar furotin suna kare matatan da suka rage, kuma ba su da tsada, sai dai ba a ba mai juna biyu, ana kuma sake duba jini bayan an fara su. Wannan ma dalili ne na yin gwajin, domin shi ne zai nuna wa malamin asibiti wane magani ya fi dacewa da wane mai hawan jini. Akwai sabon rukunin magunguna, irin su dafagliflozin da emfagliflozin, waɗanda manyan gwaje-gwaje suka nuna suna jinkirta lalacewar ƙoda ga masu sukari da marasa shi, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa su cikin jerin muhimman magungunanta a 2021. Ya kamata hukumomin sayen magunguna na jihohi su nemi masu sauƙin kuɗi daga cikinsu. Sannan ga rage gishiri zuwa ƙasa da giram 5 a rana, wanda a girkinmu yana nufin rage dunƙulen ɗanɗano ma, ga daidaita sukari, ga barin taba. Kada kuma a manta cewa masu ciwon ƙoda da yawa bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ne ke ɗauke su tun kafin su kai ga wanki, don haka gano su da wuri kariya ce ga zuciya da ƙwaƙwalwa.

Wanda ya san ƙodarsa ta raunana zai kuma san abin da zai guje wa, wannan kuwa a ƙasarmu ba ƙaramin abu ba ne. Lebura ko ɗan dako ko manomi ya dawo da yamma jiki na ciwo, ya tsaya a kemis a haɗa masa ƙwayoyi a leda, a ciki akwai diklofenak da ibufurofen da firoksikam a lokaci guda, ya sha bayan ya yini yana zufa bai sha isasshen ruwa ba, gobe ma haka. Ana yin allurar jentamaisin barkatai ba tare da sanin halin ƙodar mutum ba. Ga jiƙe-jiƙen da ake talla da lasifika a tasha, na basir da na ƙarfin maza da na wankin ciki, waɗanda babu wanda ya san abin da ke cikinsu balle adadinsa, ga mayukan bilicin da wasunsu ke ɗauke da sinadarin makuri mai lalata matatan ƙoda. Masu kemis su ne likitocin farko na yawancin talakawa, ko mun so ko mun ƙi. Ku kira ƙungiyoyinsu ku zauna da su, a koya musu su riƙa tambayar mai saye ko yana da hawan jini ko sukari ko ciwon ƙoda kafin su miƙa masa maganin ciwon jiki, su kuma tura shi gwaji. Malaman addini ma suna da rawar takawa, musamman gab da azumi, wajen shaida wa masu ciwon da ya yi nisa cewa su nemi shawarar likita kafin su ɗauka.

Game da kuɗi da ma'aikata, ba sabon gini nake roƙo ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya matakin farko, wanda kuɗinsa ke isa asibitocin mazaɓu kai tsaye, jihohinku kuma suna da hukumomin taimakekeniyar lafiya. A sa gwajin fitsari da na kiriyatinin na shekara-shekara cikin abubuwan da suke biya wa masu hawan jini da sukari. Kano tana cikin jihohin da aka fara gwada shirin ƙasa na shawo kan hawan jini a ƙananan asibitoci, Majalisarku ta Kwamishinonin Lafiya kuma ta jagoranci gangamin auna jini da sukari na mutum miliyan 10 a ƙarshen 2024, don haka akwai rajista da sunaye da za a ɗora a kai. Inda babu ɗakin gwaji ko wutar lantarki, a yi amfani da hanyar da aka riga aka shimfiɗa ta ɗaukar samfurin tarin fuka da na HIV a kan babur zuwa babban asibiti, a dawo da sakamako ta waya. Likitocin ƙoda kaɗan ne, mafi yawansu kuma suna asibitocin koyarwa, saboda haka a nemi su rubuta ƙa'ida mai shafi ɗaya da Hausa da Turanci a manna a bangon kowane ɗakin duba marasa lafiya, ta nuna wanda za a riƙe a ƙaramin asibiti, da wanda za a tura gaba ba tare da jinkiri ba, kamar wanda lissafinsa ya gaza 30, ko furotin ɗinsa ya yi yawa ƙwarai, ko ake ganin jini a fitsarinsa, ko ƙarfin ƙodarsa ke faɗuwa da sauri.

A watan Mayun 2025 Babban Taron Lafiya na Duniya ya zartar da ƙuduri na farko a tarihinsa kan lafiyar ƙoda, wanda ya nemi ƙasashe su shigar da rigakafi da ganowa da wuri cikin aikin lafiya matakin farko. A Najeriya wannan matakin yana ƙarƙashin jihohi da ƙananan hukumomi ne, wato ƙarƙashinku. Ana bikin Ranar Ƙoda ta Duniya a Alhamis ta biyu ta watan Maris kowace shekara. Ina roƙon kowane ɗayanku, idan ranar ta zagayo, ya fito ya shaida wa jama'ar jiharsa masu hawan jini da sukari nawa ne ke cikin rajistar asibitocinsa, nawa ne daga cikinsu aka gwada fitsarinsu da jininsu a cikin shekarar, nawa aka ga alama a tare da su, nawa kuma suka dawo aka maimaita musu bayan wata uku.

Allah Ya taya ku riƙon amanar da ke wuyanku, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Wani ɗan Arewa mai bibiyar harkokin lafiyar al'umma